Duwatsun da Kawu Ba Ya Bari a Titi

Jiya a hanyar Lolo na ga busasshen reshe da dutse a tsakiyar titi, sai na tuna marigayi Kawu, wanda ya koya mini tuƙin babbar mota.

Wata rana tayarmu ta fashe kusa da Geza. Ya jera ɗanyen ganye tun daga nesa, ya tokare tayoyi da duwatsu. Da muka gama gyara na tayar da mota, sai ya riƙe hannuna, tafinsa duk baƙin mai.

"Sauka ka kwashe su, ɗana. Dutsen da ya riƙe motarmu shi zai kashe mai babur."

Jiya na tsaya na kwashe na wani. Allah Ya share masa hanya har Aljanna.