Malam Halliru Mairediyo da Wayar Rijiyar Yargalma

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Halliru Namadi a garin Adabka ta ƙasar Bukkuyum a daminar shekarar 1957. Mahaifinsa Malam Namadi manomin gero ne, mahaifiyarsa kuwa Inna Iyatu 'yar makiyaya ce. Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya kammala firamare a Bukkuyum, sannan a 1974 aka ɗauke shi makarantar koyon sana'a a Gusau, inda malamansa suka yi ittifaƙi cewa ba a barinsa shi kaɗai da na'ura mai lafiya, domin kafin a dawo ya kwance ta.

Sana'a da Iyali

A 1979 ya buɗe rumfar gyaran rediyo a kasuwar Bukkuyum, yana kuma cin kasuwannin Anka da Gummi a kan babur. A 1982 ya auri Malama Lubabatu, 'yar Yargalma, telar kayan mata, mace mai ƙarancin magana da kaifin lura. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar.

Akwatin Awo

Abin da ya fi cin ran Malam Halliru shi ne mitar da masu gyara ke saye a kasuwa ba ta iya auna turjiyar waya, wato yadda waya ke tauye wutar da ke bi ta cikinta, idan turjiyar ƙanƙanuwa ce. Ka ɗora mata jan ƙarfe na gaske ko alminiyom da aka yi wa fenti, duk sifiri za ta nuna. Daga 2006 ya duƙufa haɗa nasa ma'auni cikin gwangwanin biskit, ba don ciniki ba, don sha'awa kawai. Ya yi masa maƙalai huɗu masu cafke waya: biyu suna tura wuta daidaitacciya cikin wayar, biyu suna karanta abin da ya ragu a hanya. Da ya lura awon yana sauyawa idan batir ya yi sanyi, sai ya ƙara wani ɗan haɗi mai riƙe ƙarfin wuta wuri guda, wanda ake saitawa da abin murɗa ƙarar tsohuwar rediyo. Abokan rumfa sun yi shekaru suna tsokanarsa cewa ya ƙera rediyon da ba ta magana.

Rijiyar Yargalma

Bayan musibar gubar dalma ta 2010, wadda ta ci yara da yawa a Yargalma, har da jikokin yayar Malama Lubabatu biyu, wata unguwa ta garin ta haɗa ƙarfi aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Wata uku kacal ta yi, injin ya fara numfashi sama-sama, ruwa ya koma ɗigo. Ɗan kwangilar ya ce ƙasar ce ba ta da ruwa, ya kama gabansa. Mata suka koma ɗibar tsohon tafki, kowa kuwa ya san abin da ke cikinsa.

Malam Halliru ya zargi wayar da aka binne tsakanin farantan sola da rijiyar. Dattawa suka kankare bakinta biyu da wuƙa kamar yadda aka saba, suka ga jan ƙarfe jawur, suka ce ba za a tone aikin jama'a a kan zato ba, sai in akwatin nasa ya tabbatar da kansa a gaban shaidu.

An yi gwajin a kasuwar Gummi cikin Janairun 2012, a shagon Alhaji Sahabi, dillalin waya da aka shaida da amana. Alhaji ya yanko kamu goma da hannunsa, allurar akwatin ta tsallake layin da Malam Halliru ya zana wa waya mai kyau, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya bayyana cewa akwai algus. Aka sa wa wayar wuta, aka fasa ta, ta fito jan ƙarfe zalla. Malam Halliru ya ci mutuncin mai gaskiya a bainar jama'a, ya kuma zubar da nasa. Kunya da baƙin ciki suka hana shi fita rumfa kwana tara, yana kwance akwatin yana mayarwa bai ga aibi ba.

A rana ta goma Malama Lubabatu, tana kan keken ɗinkinta, ta ce masa: "Malam, kai da Alhaji kamunku ɗaya na? Hannunai ya hi naka da yatsa huɗu. Ni ko ƙyalle ba ni saye da kamun dogo in auna da nawa." Ashe shi da gajeren hannunsa ya auna wayar da ya zana layin da ita, tsawon waya kuwa ƙara turjiya yake yi. Shekara shida yana daidaita wuta har ƙasa da ƙwayar gero, bai taɓa tuhumar gwiwar hannunsa ba.

Ya yanki karan dawa miƙaƙƙe, ya daidaita shi da tef ɗin matarsa, ya koma Gummi. Ya fara da neman gafarar Alhaji Sahabi a daidai inda ya ɓata masa, sannan aka sake awo da karan. Waya bakwai aka jera masa a rufe, ya ware ta gaske daga ta bogi ba kuskure ko ɗaya. Alhaji da kansa ya rufe shago ya raka shi Yargalma.

A can aka auna nisan ramin da kara, aka haɗe bakin wayar ta gefen rijiya, ya maƙala akwatinsa ta gefen sola. Turjiyar ta zarce ƙa'ida da fiye da rabi. Dattawa suka ba da izini, samari suka sa diga, ba a yi taku ashirin ba aka iske mahaɗa: jan ƙarfe a baki biyu, tsakiya duk alminiyom, har ya fara zama gari. Aka shimfiɗa sabuwar waya, kafin la'asar ranar tankin rijiyar ya cika yana ambaliya, mata suna guɗa, Malam Halliru kuma yana tsugune yana share hawaye da hularsa. Tun daga ranar babu yaron unguwar da ya sake shan tafki.

Shekarun Ƙarshe da Rasuwa

Daga 2012 zuwa 2021 ya auna wayoyin rijiyoyi da masallatai sama da arba'in a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, ya kuma koya wa masu gyara goma sha ɗaya haɗa irin akwatinsa, kowanne sai ya haɗa masa da kara.

Allah ya karɓi ransa a gidansa da ke Bukkuyum ranar Alhamis, 17 ga Sha'aban 1444, daidai da 9 ga Maris 2023, bayan gajeriyar jinya. An jinkirta wankansa kaɗan bisa roƙon mutanen Yargalma, waɗanda suka iso a kan babura da jarkoki shida na ruwan rijiyarsu, da shi aka yi masa wanka, aka suturta shi, aka sallace shi bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar garin. Ya bar matarsa Malama Lubabatu da 'ya'ya biyar: Abdulwahabu, Bara'atu, Hafizu, Surayya da Aisatu. Allah ya jiƙansa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar.