Buhun Ƙasar Malam Sallau

Wata rana, wani dattijo mai suna Malam Sallau ya ɗaura buhu a bayan kekensa, ya nufi tsohuwar masaƙar da ya yi wa aiki tun yana saurayi.

Masaƙar ta daɗe da mutuwa. An rushe ta, za a gina gidaje da makaranta a filin. Amma kafin a aza tubali ko ɗaya, sai an kwashe ƙasar wajen kaf an kai ta nesa da gari, don ta sha ruwan rini da guba har ta ƙoshi.

Shi fa duk wannan bai dame shi ba. Ba masaƙa ya je gani ba.

A dā akwai wata darbejiya a bakin ƙofar masaƙar. A gindinta Lantana take sayar wa ma'aikata ɗanwake, zamanin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwa. Nan ya fara ganinta. Nan ya yi ta sayen ɗanwake ba don yunwa ba, har ta gano shi, har ta fara ƙara masa mai ba tare da ya roƙa ba.

Ya aure ta. Bara Allah ya karɓi abarsa.

Da ya ji za a kwashe wajen, sai ya ƙudurta zai ɗebo ƙasar gindin bishiyar nan, ya zuba a tsakar gidansa, ya dasa lalle a kai. Lantana akwai son lalle.

Ya sulale ta inda kwanon shinge ya ɓalle. Bishiyar an riga an sare ta, sai kututture. Ya durƙusa, ya cusa hannu cikin ƙasa.

Sai ya ji ƙarar motocin da ke haƙa a filin ta yi masa nisa.

Ya ji injinan saƙa suna bugawa kamar dā. Ya ga samari sun yi layi, hannuwansu shuɗi da rini, tururi yana tashi daga tukunya, Lantana tana dariya tana gyara ɗankwali. Ƙasar baƙa ce, warinta yana yaji a hanci. Shi kuwa ƙamshin samartakarsa yake ji.

Ya cika buhu, yana murmushi shi kaɗai.

Yana kici-kicin ɗora shi a keke sai ga injiniyar da ke kula da aikin, wata matashiya da hular kwano da takunkumi. Ta gaishe shi har ƙasa, sannan ta ce:

"Baba, ƙasar nan ba ta fita daga nan. Guba ce."

Ya ce, "'Yata, tun ba a haife ki ba nake taka ta. Ga ni, ban mutu ba."

Ta ce, "Da takalmi ka taka ta, Baba. Akwai mai rarrafe a gidanka?"



Ya saki buhun. Amma kada ku ce don ya gamsu ne. Ransa a ɓace ya hau keke, yana ta mita a hanya: yaran zamani, sun yi boko sun hana mutum ko da ƙasar da matarsa ta zauna a kai. Ya ji kamar yau aka sake yi masa rasuwa, har idonsa ya kawo ruwa.

Ya yi sallama ya shiga gida.

A tsakar gida, daidai lungun da ya share tun safe don dashen lalle, jikarsa ce zaune daɓas. 'Yar mitsitsiya, ko tafiya ba ta fara ba. Ta damƙi ƙasa da hannu biyu tana turawa a baki, tana gwalan-gwalan, duk haɓarta ta yi jirwaye.

Sunan kakarta aka sa mata. Lantana.

 Ya jingine keken da babu komai a bayansa, ya ɗauke ta, ya sa yatsa yana ƙwaƙule mata baki.

Ta yi masa dariya da haƙoranta biyu.

Ya ce, "Amaryata, ashe kina nan a gida, ni ina can ina neman ki a cikin ƙasa."

Darasi: Ba duk abin da muke kewa ba ne ya kamata mu kwaso mu kawo gida. Wani abin, barinsa a baya shi ne ƙauna. Ka tuna da wanda ya tafi, ka yi masa addu'a, amma ka dubi wanda ke rarrafe a gabanka.

Kuma don Allah, in kun ga ana kwashe ƙasar tsohuwar masana'anta, kada ku ɗiba don ciko ko shuka, ko da kyauta aka ba ku.

Tura wa duk wanda ke da mai rarrafe a gida. Wataƙila shi ma akwai buhun da yake shirin ɗaukowa.