Rubutun Murfin Tanki

Babanmu ya yi shekara talatin da takwas yana jan injin haƙa rijiya da babbar akori-kura, kuma a duk tsawon lokacin nan bai taɓa yarda cewa mota mai shan fetur ta cika mota ba. Keke mai rufi yake ce mata. A wurinsa gas, wato man dizal, shi ne man masu aiki. Da warinsa muka tashi: yana jikin rigunansa, yana jikin tawul, har a littattafanmu idan ya duba mana aikin makaranta. Umma ta yi wanki har ta gaji, ta ce ta haƙura, da tankinsa ta aure shi.

Abokin gardamarsa Kawu ne, ƙanen Umma, mai dakon kayan kafintoci a cikin gari da akori-kurar fetur. Idan suka hau bencin ƙofar gida da yamma, mu yara mun samu abin kallo.

"Taka sai an lallashe ta da safe kamar jariri," in ji Kawu. "Ni da na murɗa makulli na tafi. Kafin ta gama tari na sauke lodi biyu."

"Lodin kujeru dai," in ji Baba. "Ɗaura mata injina ka nufi tudu mu gani. Ta yi ta ihu a giya ɗaya, allurar mai tana sauka kana kallo. Tawa ko murya ba ta ɗagawa, kuma tanki ɗaya ya kai ni ya dawo da ni."

"Ranar da famfon man motarka ya lalace fa? Sati uku kana gida, Yaya tana korar ka daga kicin. Ni matsalata filogi ce, a aljihu nake yawo da shi."

"Inji nawa ka canza tun da na sayi tawa?"

A nan Kawu yakan tuna yana da wani uzuri, don biyu ya canza. Da na girma na gane duka biyun suna da gaskiya, aikinsu ne ya bambanta. Amma wa zai faɗa musu ya rage mana nishaɗi?

Babban abin alfaharin Baba kunnensa ne. Yana kishingiɗe a falo mota za ta wuce, ya ce wannan gas ce, kuma mai ita yana cutar ta, bai canza mata baƙin mai ba. Mu ruga taga, mu dawo muna mamaki.

To, girma ya zo. Bayansa ya ƙi doguwar hanya, sai ya koma ɗaukar dashen itatuwa daga wani lambu yana kai wa gidaje da makarantu a cikin gari. Aikin ya yi masa daɗi, motar ce bai yi wa ba. Injin gas yana son ya yi zafi ya miƙe hanya, shi kuwa yanzu minti goma ne a tsaya, a kashe, a tayar. Ta fara tara toka a ciki, tana fitar da baƙin hayaƙi, yau gareji gobe gareji, har makanike ya wanke hannunsa ya ce ta gama nata.

Wata biyu Baba ya yi a gida. Ya gyara ƙofofin da ba su lalace ba, ya rage cin abinci, ya rame. Ranar da Kawu ya tsokane shi, Baba ya ce kawai "haka ne", ranar na tsorata. Na san in bai koma bayan sitiyari ba, zaman nan ne zai kwantar da shi. Ga kuma abin da kowa ya sani ba mai faɗa: ƙarar inji ta shekaru ta cinye masa ji. Shi dai cewa yake mu 'yan yanzu a ciki muke magana.

Ni ce babbar 'yarsa, malamar makaranta, kuma Uwata yake ce min don sunan mahaifiyarsa na ci. Na samo masa babbar akori-kura ta hannu, shigowar waje, mai ƙwarin ƙasa. Makanike ya ce ga irin aikin Baba na yanzu ta fetur ce daidai, ita na ɗauka. Sai da na ɗauka tsoro ya kama ni, don na san zai iya yi min godiya ya miƙo min makullin. Kwana uku na ɓoye ta a gidan Kawu ina neman bakin da zan faɗa masa.

A rana ta ukun na buɗe murfin tanki, sai ga takarda manne da manyan haruffa uku, GAS, da wasu ƙananan rubutu a ƙasa. Dillalin da ya sayar min da ita ya yi min bayani cewa a can inda ta fito, fetur suke kira da wannan suna. Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni kuwa na yanke shawarar ba zan yi ƙarya ba, shiru kawai zan yi in bar Baba ya ɗauka mai gas ce, duk da na san shirun nan da ƙarya uwarsu ɗaya.

Da safe muka kawo ta. Baba ya zagaya ta sau biyu, ya shuri taya, ya durƙusa ya leƙa sifirin. Ya ɗaga bonet ya tarar an rufe komai da baƙar roba, ya yi tsaki. Sannan ya buɗe murfin tanki ya karanta. Fuskar da na yi wata biyu ban gani ba ta dawo.

"Uwata ba ta ba ni kunya ba," ya ce, ya juya wajen Kawu. "Kai, matso ka ga mota."

Kawu ya kama tari. Umma, wadda ta san komai, ta harare shi har tarin ya warke.

Ni da Baba muka tafi lambu, aka loda dashe da buhunan ƙasa. Yana tuƙi yana yabo: gas na zamani ke nan, ba jira, ba rawar kujera, murɗawa kaɗan ta tashi. Ni don in kawar da zancen na shiga ba shi labari. Na gaya masa haƙorin jikarsa ya faɗi ta ɓoye shi a takalmi, na gaya masa yadda shugaban makarantarmu ya kulle kansa a ɗakin ajiya. Yana dariya, yana tambaya. Ban lura da komai ba, idona yana kan allurar mai da ke gangarawa.

Muka sauke dashe a wuri huɗu, sai ya karya kan mota ya shiga gidan man da ya saba, ya tsaya a famfon gas. Mai zuba man, abokin Baba ne, dattijo sa'ansa, ya taso yana murmushi.

"Barka da sabuwa. Amma ja baya kaɗan, wannan ai fetur take sha. Tun daga bakin titi na ji ta."

Baba ya sauko ya nuna masa rubutun da yatsa. Mutumin bai yi musu ba. Ya ɗauko bakin famfon ya gwada a ramin tankin, ya ƙi shiga, ya yi masa kauri. Baba ya juyo ya dube ni, ni kuwa na zayyana masa komai, tun daga shawarar makanike har bayanin dillali, ina kallon ƙasa.

Ya koma ciki ya tayar da motar, ya ɗora tafinsa a kan sitiyari, ya karkata kai yana saurare. Ya daɗe a haka kafin ya kashe.

"Ban ji ba, Uwata," ya ce. "Tun safe nake cikinta, wallahi ban ji ba."

Tausayinsa ya kama ni, na ji haushin kaina. Na so in fitar da shi daga gida, ga shi na tona masa asiri a gaban abokinsa. Na ce ya yi haƙuri, gobe zan mayar da ita a nemo mai gas ko da tsohuwa ce.

"Tsaya," ya ce. "Ɗazu da kike ba ni labarin haƙori, ɗaga murya kika yi?"

"A'a, Baba. Magana kawai na yi."

"Tun kina 'yar ƙarama nake ɗaukar ki a mota. Ban taɓa jin abin da kike cewa a ciki ba, kai kawai nake gyaɗa miki. Yau har takalmin na ji."

Ya sake tayar da ita, ya sa giyar baya, ya daidaita ta a famfon fetur kamar ya shekara yana yi, ya leƙa ta taga ya ce wa abokinsa ya cika ta. Ana zubawa ya rage murya.

"Kawunki dai kada ya ji."

"A gidansa ta kwana uku, Baba."

Ya dafe goshi, sannan dariya ta ƙwace masa, irin wadda take girgiza masa kafaɗu, har mai zuba man ya taya shi ba tare da ya san dalili ba. Da muka hau titi ya ɗaga gilashi duka biyu, ya ɗan karkato kunnensa na dama wajena.

"To, shi shugaban naku, wa ya buɗe masa ƙofar?"