Hoton da Babana Ya Ce Na Saniya Ne

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar kawuna Illa, ƙanen mahaifiyata, wanda mutanen Madawa suka sani da Illa Mai Hoto. Duk lokacin da watan rufe lakkol, wato makarantar boko, ya zo, na ga yara sun fito da sababbin kaya ana ɗaukarsu hoto bakin hanya, sai in ji kamar zan hango shi ya ɓullo bisa ɗan babur ɗinsa mobilet, kyamara rataye a wuya, farin ƙyalle naɗe a bayan sirdi. Bana na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da shi, tun akwai sauran masu tuna fuskarsa.

Shagonsa ɗan ƙarami ne kusa da tasha. Yawancin shekara hoton takardun shaida yake yi, da na amare, da na 'yan ci-rani masu son aika wa gida. Amma da zarar an kira sunayen yaran da suka ci sartifika, jarrabawar gama firamare, sai ya rufe shago ya shiga ƙauyuka. Yau yana Deule, gobe Allakaye, jibi ya haura duwatsu ya nufi wajen Keita. A shekarun saba'in yaron da ya ci sartifika a ƙauye abin kallo ne, gida guda kan yi wa gari duka kwalliya. Takardar kanta ba ta fitowa sai daga baya, saboda haka Kawu yana yawo da wani tsohon shafin kalanda da ya naɗe ya ɗaure da jan zare. Yaran ƙasar nan da yawa, waɗanda yau wasunsu manyan ma'aikata ne, wannan kalanda suka riƙe a hotonsu.

Mutane suna sonsa, kuma suna ƙorafi a kansa, domin ba ya sauri. In ya iso gari da hantsi ba ya taɓa kyamara. Zai zauna a sha fura, a yi azahar, a yi la'asar, iyaye suna ta leƙowa. Yana cewa ranar tsaka tana mai da idon mutum rami, ta sa yaro ya murtuke kamar an kai shi gaban alƙali. Ba ya son inuwar bagaruwa ko ta gawo, wai tana yayyafa wa fuska tabo. Bakin inuwar rufewa, rumbunmu na ƙasa, ya fi so, inda haske ke shigowa daga gefe guda a hankali. Sai ya ba wani mutum farin ƙyallen nan ya riƙe a ɗaya gefen, hasken ya dawo ya buɗe kumatun da ke cikin duhu. Kafin ya duba yaro, bayan yaro yake fara dubawa. In ya ga icce zai tsiro daga tsakiyar kan mutum, ko jaki ya juyo da gindi, sai a tashi a sake wuri.

Yaran ƙauye kuwa da sun ga kyamara sai su ƙame kamar sabbin soja, hannuwa manne da cinya, ido a zare. Nan ne aikinsa ke farawa. Zai juya wa yaro kafaɗa guda, ya ɗan saukar masa da haɓa, ya sa masa abu a hannu, sannan ya durƙusa ƙasa har idonsa ya yi daidai da na yaron. Ya ce wanda aka ɗauka daga sama ƙanƙancewa yake, ranar kuwa ba ranar ƙanƙanta yaro ba ce.

Yanzu kowa na da wayar salula, kowa mai hoto ne. Ina yawan tambayar kaina me Kawu zai ce. Ina jin zai yi murna da ganin hoto nan take ba sai an je Madawa an wanke ba, don ya sha baƙin cikin fim da ya lalace a hanya. Amma na san zai dafe kai in ya ga an jera ɗalibai da sha biyun rana, an fuskantar da su ga rana suna ƙifce-ƙifce, an yanke wa wannan ƙafa, an sa wa wancan turken lantarki bisa hula. A ɗauki ɗari a tsaye, a rasa guda da za a rataya a ɗaki.

Ni nawa guda ne, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Ni ne ɗan fari a gidanmu a Allakaye. Babana manomi ne kuma mai shanu, yana jin Fillanci kamar Hausa. Wanda ya tashi a wajenmu ya san yadda ake da ɗan fari. Uba ba ya faɗin sunansa, ba ya zama tabarma guda da shi, ba ya yabonsa ko da ya yi abin yabo. Ban taɓa jin "Shu'aibu" a bakin babana ba. "Wancan" nake in ba na nan, "kai" in ina nan. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka kowa yake. Amma da na ci sartifika, aka ce zan tafi kwalej a Madawa, sai abin ya tsaya mini a rai. Gari ya cika gidanmu da barka, shi kuwa ya ɗauki sandarsa ya tafi rijiya. Na san lakkol ta ɗauke masa hannun da zai taya shi kiwo. Ban sani ba ko yana murna, ko yana ganin ya yi hasarar ɗa. Ga shi damina ta kawo kai, yana shirin kora shanu arewa, kafin ya dawo ni na tafi.

Da Kawu ya iso, na ja shi bayan gida na ce hoto nake so ni da Baba. Ya dube ni ya ce, "Kai, ka san abin da kaka roƙo kuwa?" Na ce na sani. Ya ce to, a gwada.

Tsakaninsa da babana akwai wasa, irin na ƙanen mata da mijin ya. Ardo yake kiransa, ko da yake bai taɓa riƙe wannan sarauta ba. Ya same shi yana gyaran igiya ya ce, "Ardo, taso ka sa babbar riga, in ɗauke ka da ɗiyanka."

Babana bai ɗago ba. "Ni da wancan? Illa, ranar Madawa ta taɓa ma kai. Ga kawunnenai nan, ga mushe malamin lakkol, ku tsaya da shi."

"To kai kaɗai hwa? In kai ma Hilanin arewa su ga surukina."

"Hilanin arewa sun san ni tun ba a haihe ka ba."

Aka yi dariya, maganar ta mutu. Na koma ɗaki. Kawu ya leƙo ya ce in sa sabuwar rigata kawai, in bar masa saura.

Bayan la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, rana kuma ta sauko tana zuba wani haske mai laushi a kan rufewarmu. Kawu ya tsai da ni a nan, ya juya ni har hasken ya bugo daga gefe. Kakata, mahaifiyar babana, ita ya ba farin ƙyallen. Tana riƙe da shi tana tsokanata: "Angona, ka ci takarda za ka tahi birni ka sake ni ko? Sai ka biya ni furar da ka sha." Kawu ya leƙa kyamara, ya ɗago, ya yi tsaki. Shanunmu sun dawo, kuma Kyalla, jar saniya mai roɗin fari a kwiɓi, wadda na rena tun tana maraƙa, tana ta kai da kawo a bayana.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ardo! Dabbarka za ta ɓata min aiki. Zo ka riƙe ta can, kusa da wancan dutse, kada ta shigo."

Wannan kam aiki ne, ba hoto ba, babana ya zo. Ya kama igiyarta ya tsaya inda aka nuna masa, 'yan taku kaɗan a bayana ta hagu. Kawu ya ce ya ƙara matsawa, ya ce ya dawo kaɗan, duk da sunan saniya. Kawu kansa kuma ya yi ta ja da baya da kyamara har na fara jin haushi, ina cewa a raina zan fito ƙarami. Na kuma lura bai sa ni a tsakiya ba, bakin kyamarar ya ɗan karkace. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, kakata ta ce ruwa na tafe, hannunta ya gaji. Kawu bai kula ba. Ya durƙusa yana jira.

Sai ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ɗan lakkol, an ce min Faransanci ya cinye ma baki. Wai ko kiran saniya ba ka iyawa yanzu."

Zuciya ta ɗebe ni. Na manta da riga da kalanda, na buɗe baki na yi kiran da babana ya koya mini tun ina bin sa da gora. Kyalla ta ɗaga kai ta amsa, ta fizgi igiya za ta taho. Na ji ƙarar kyamara. Ban waiga ba, ban ga komai ba. Kawu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce an gama, kafin mu kai zaure ruwa ya sauko.

Babana ya tafi arewa, ni na tafi Madawa na sauka gidan Kawu. A daren farko bai nuna mini hoton ba, sai da safe bayan mun karya, ya miƙo mini. Ga ni a gefe guda, baki buɗe ina dariya, haske ya kwanta a rabin fuskata, ɗayan rabin kuma ƙyallen kakata ya buɗe shi. Ga baƙin hadari a bayanmu. A ɗaya gefen kuwa, a filin da na yi zaton an bari banza, ga babana riƙe da igiya, ya juyo gaba ɗaya yana dubana. Haƙoransa duka a waje. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba, don ba a taɓa yin ta ina kallo ba. Na daɗe ina kallon hoton. Kawu ya tashi ya shiga share kyamarar da ba ta da datti.

Da kaka shanu suka dawo, na je gida hutu da hoton, mahaifiyata ta jingina shi cikin jeren kwanoninta. Ranar da Kawu ya zo, babana ya shigo ya gan shi. Ina bakin ƙofa, ina tsoron ya ce an yi masa dabara a gaban jama'a. Ya ɗauka, ya kai kusa da ido, ya nisantar, ya daɗe. Sannan ya ce, "Saniyar ga ta hito da kyau."

Kawu ya ce, "Ƙwarai, Ardo. Saniya ce mai kyau."

"A wanko min wani. In riƙa ganin ta in na tahi arewa."

Aka wanko masa. Har ya bar duniya hoton saniya yake ce masa, kuma yana cikin jakar fatarsa duk inda ya sa ƙafa. Kawu bai taɓa gyara masa sunan ba, ni ma haka.

Shagon Kawu yanzu wurin cajin salula ne. Kyamarar tana wajen ƙaramin ɗansa, ba ta aiki. Hotunan da ya ɗauka wasu gara ta ci, wasu suna nan a ɗakunan tsofaffi daga Deule har Keita, sun yi ja amma fuskokin ba su ɓace ba. Na daɗe ina zaton abin da ya iya shi ne sanin inda rana take. Sai da na girma na gane ya san inda kowa zai iya tsayawa ba tare da an kunyata shi ba. Bai karya wa babana al'ada ba, bai kuma bar ni na tafi da tambayata ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan babana da kakata.

Bara 'yata ta fari ta gama karatun ungozoma a Tawa. Zamani ya sake, ƙawayenta suna rungume iyayensu gaban kowa. Ni na kasa. Ta san haka, ba ta ma roƙe ni ba. Na dai ce wa ƙanenta mai riƙe da salula ya dakata sai an yi la'asar, ya kai ta bakin inuwar gini, ya ja da baya, kada ya sa ta a tsakiya. Sannan na ce ta kawo jakarta in riƙe mata don kada ta ɓata hoto. Na koma 'yan taku kaɗan a bayanta ta hagu, na tsaya inda haske yake.