Nana Hauwa Ta Ɗaura wa Kanta Kaba

Nana Hauwa gajeruwa ce, in ta tsaya kusa da turmi sai ka duba sau biyu kafin ka gane wanne ne ita. Muryarta kuwa Allah bai rage mata komai ba. In ta kira akuyarta daga tsakar gida, duk akuyoyin ƙauyenmu, nan bayan Dandin Mahe, sai sun ɗaga kai. Kunnenta ma yana da zaɓe. Ka zo aron gatari, ba ta ji. Ka ce an soya awara a gidan Jamila, ta riga ka zuwa.

Abin da ta gada wurin uwarta itatuwan maɗaci ne guda bakwai a bakin fadama. Ba nata ba ne, na gari ne, kulawarsu ce kawai a hannunta, tare da sanin haɗin da ake dafa wa mai jego da mai ciwon ciki. Ka'idar ɗibar sassaƙen tsohuwa ce. Ana yankar faɗin tafin hannu, a gefe ɗaya, a shafe wurin da laka, sannan a ɗaura wa icen kaba. Icen da ke da kaba ba a sake taɓa shi sai ya sha damina biyu. Ko makiyayi mai yanko wa shanu ganye, in ya ga kaba, gaba yake yi.

Shekara uku ke nan da ɗan ƙanenta, Ubaidullahi, wanda ke aiki a sakatariyar Shagari, ya zo mata da baƙi biyu masu sana'ar maganin kwalba. Suka gaishe ta har ƙasa, suka kira ta Hajiya, ita da ko Bodinga ba ta zuwa sai da biki. Kan tsohuwa ya kumbura. Ta kai su fadama, ta nuna musu itatuwan, suna ɗaukar muryarta a waya. Haɗin ne kawai ba ta faɗa duka ba, wai ta manta. Mu da muka san ta, mun san ba ta mance ko wanda ya taka mata albasa tun tana amarya ba.

Ranar wata kasuwa, gari ya watse, leburorin baƙin nan suka zo da akori-kura. Suka cire kabar da ke jikin itatuwa biyu suka yar, suka feɗe su zagaye kamar ragon layya, suka cika buhuna. Kafin damina ta faɗi, biyun nan sun bushe a tsaye.

Nana Hauwa ba ta yi kuka ba. Gida gida ta bi, ta kwaso mata har da masu goyo, suka zauna ƙofar Maigari. Ta gaishe shi da ran ka ya daɗe sau uku, yadda ya kamata, sannan ta ce ba za su tashi ba sai garin ya yi tasa takardar, tunda yanzu mutane takarda suke tsoro, ba kaba ba. Maigari ya ce a bari sai bayan girbi. Ta ce ba ta ji ba. Ya maimaita, ta sake cewa ba ta ji ba. Da rana ta take, aka kira Malam Maniru na firamare da bironsa.

Takardar ta ce duk baƙon da ke son sassaƙe ya zo ranar Juma'a bayan an sauko, ya faɗa a gaban gari abin da zai yi da shi. Hannun 'yan gari ne zai yanka, ba na leburori ba. In mata ba su yarda ba, magana ta mutu. Aka rubuta da boko da ajami, kowa ya dangwala.

Bayan wata biyu baƙin suka dawo da tasu takardar, Ubaidullahi a gaba, riƙe da tawada. Babbansu ya yi bayani cikin ladabi: sun yarda itatuwa na gari ne, amma haɗin a cikin kan Hajiya yake, nata ne ita kaɗai, tana iya ba wanda ta so. Dangwale ɗaya kawai ake buƙata. Malam Maniru ya duba takardar gari sama da ƙasa, ya ga lallai ba a ambaci haɗi ba.

Tsohuwa ta zare kaba ɗaya daga tabarmar da take saƙa, ta naɗa a wuyan hannunta na dama, ta ƙulle da haƙori. Sannan ta miƙa hannun.

"Ubaidu, mi ka gani ga hannuna?"

"Kaba ta, Goggo."

"To, ni ma kun sassaƙe ni. Kama ka dangwala in gani."

Baƙin suka yi dariya, suna jira. Ubaidullahi bai yi ba. Da ruwan maɗacin nan aka yi wa uwarsa jegonsa, kuma a gindinsu ya sha rankwashi yana ƙarami ranar da ya taɓa ice mai kaba. Ya tsaya yana kallon hannun har babban baƙon ya taɓa shi a kafaɗa. Ya rufe tawadar, ya sa a aljihu, ya ce musu wannan hannun ba ya taɓuwa, su tashi su tafi.

A ranar aka ƙara layi a takardar gari: haɗin na matan garin ne duka, babu mace ɗaya da za ta bayar da shi.

Itatuwa biyar suna nan da ganyensu. Damina biyu ta wuce tuni, amma kabar ba ta bar hannun Nana Hauwa ba, in ta tsinke sai ta sake wata. Kwanan baya Jamila ta roƙe ta ta kama mata surfe, ta ɗaga hannun kawai ta nuna mata.