Man Shanu a Gidan Tarihi

Yau kwana shida ke nan da aka ce a wurin aiki in zauna gida. A cikin wannan zama ba wanda ke faɗo mini a rai kamar kakata Inna Wuro, wadda ta rasu ina aji uku a sakandare.

A rugarmu da ke gefen Maruda, cikin ƙasar Gwandu, da an idar da sallar magariba ake hura wa shanu wutar korar sauro. Hayaƙin yana da yaji a ido, amma can mu yara muke taruwa, don can Inna Wuro take shimfiɗa buzunta. Ban taɓa ganin ta tana tatsuniya hannu sake ba. Kullum akwai ƙwarya a cinyarta da ɗan man shanu a ludayi, tana lakata da yatsa tana murza wa bayan ƙwaryar har ta yi sheƙi a hasken wuta.

"Ƙwarya ƙishi takan ji, Habi," haka take ce mini. "In kin ƙyale ta, ta tsage, ki zo kina yi min kuka da wanga hancin naki."

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "Na ɗauko wata mai nauyi, wa zai taya ni?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Mu ne!"

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta babbar ƙwaryar ruga. Wai a wata ruga akwai ƙwarya da mutanen farko suka zo da ita, ba ta gidan kowa ba ce, ta kowa ce. Ranar suna ko biki kowane gida zai kawo nononsa ya zuba a ciki, a sha tare. Duk shekara dattawa sukan zaɓi mace ɗaya ta riƙe ta. Wata shekara aka ba wata mata mai suna Jebu, mai tsafta da kula. Ran nan ta sauko da ƙwaryar sai ta ga 'yar tsaga a gefe, siririya kamar gashi. Ga mai ɗinkin ƙwarya yana ratsa rugar duk ranar kasuwa, da ta miƙa masa da ya kama tsagar da zare. Amma Jebu ta ji kunyar a ce a hannunta abin ya faru. Sai ta liƙe wurin da yumɓu, ta juya tsagar ta fuskanci bangon bukka, ta yi shiru. Ranar suna ta zo, gida-gida aka yi ta zuba nono. Yumɓu ya jiƙe, ƙwarya ta rabe biyu, nonon ruga duka ya bi rairayi.

Na tuna wani yammaci na tsaya mata. Na ce, "Inna, ai ba ita ta fasa ba, da kanta ta tsage."

Ta ɗago ido ta dube ni. "Ji min ɗiya da bakin alƙali! Wa ya ce ita ta fasa? Tsagar ba tata ba ce. Shirun ne nata." Sannan ta kife ƙwaryarta ta ce, "Na aje ta nan, mai so shi ɗauka."

Na girma, na gama sakandare, na koma Kalgo wurin ƙanwar mahaifiyata. Bara na sami aiki a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi na gwamnati a cikin birni. Aikina shara, goge ƙura, da zagayawa da 'yan makaranta in sun zo kallo. Ranar farko shugaban gidan, Malam Sahabi, ya zaunar da ni ya karanta mini dokoki. Ba a taɓa kaya sai da safar hannu. Ba a shiga da abinci. Kowane abu yana da lamba a rajista, kuma ko gyara za a yi masa sai kwamitin da aka ɗora wa kula da gidan ya amince.

"Ni ma mai gadi ne, Habi," ya ce. "Kayan nan na mutanen gari ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna."

Akwatunan gilashi ba su ishe mu ba, don haka wasu kayan a fili suke a kan wata kantar katako. A can akwai wata tsohuwar ƙwaryar tatsa mai zane irin na rugarmu, ta bushe ta yi fari fat. Kusa da ita akwai gafaka, wato jakar fata ta ajiye littafi, wadda wani gidan malamai na Gwandu ya ba da aro bayan dogon lallashi, da sharaɗin in wani abu ya same ta za su ɗauke abarsu. Malam Sahabi yakan ce wasu gidajen suna kallo, in wannan ta zauna lafiya su ma za su kawo nasu.

Kullum na wuce ƙwaryar nan sai in ji tana ba ni tausayi. Wata Alhamis na zo da man shanu a ɗan gwangwani, na shafe ta tas kamar yadda Inna Wuro ke yi. Wallahi ban ɗauki man a matsayin abinci ba. A wurina magani ne. Na tafi gida ina jin daɗi.

Ranar Litinin da na buɗe ɗakin, kashin ɓera na fara gani a kan kantar. Ɓeraye sun gurgure bakin ƙwaryar. Daga nan suka wuce kan gafaka, suka cinye rabin igiyarta da kusurwa ɗaya. Na zauna a ƙasa. Da na miƙe, sai na share kashin, na juya ƙwaryar da gafakar, ɓarnar ta fuskanci bango.

Kwana biyu ina gaishe da Malam Sahabi ba na iya duban fuskarsa. Laraba da safe na tarar da sabon kashi, kuma cizon ya matso kusa da adon da aka ɗinka a jikin fatar. Na miƙa hannu zan ƙara tura gafakar ciki, sai na ga hannun nawa, na ga bangon, na gane wace ce ni a cikin tatsuniyar.

Na sami Malam Sahabi a ofis. "Malam, ka zo ka gani. Ni ce."

Ya daɗe yana duban gafakar. Ya sunsuna ƙwaryar. "Innalillahi. Man shanu? Habi, da wane tunani?"

"Ƙishi take ji, Malam."

Ya buɗe baki kamar zai yi dariya, sai ya rufe. Ya ce tunda cizon bai kai ga adon ba, baduku mai hannu zai iya kama ta, in kwamiti da masu ita sun yarda. "Da kin ƙara kwana biyu, babu abin da za a kama." Amma dole ya rubuta rahoto, dole a gaya wa mutanen Gwandu, ni kuma in zauna gida har kwamiti ya zauna. Ya faɗa ba tare da tsawa ba, kuma hakan ya fi yi mini zafi.

A kwanakin nan na yi ta juya waɗancan yammatan na ruga a raina. Shekaru ina zaune gaban Inna Wuro, idona yana kan yatsanta, kunnena yana kan bakinta, ashe yatsan kawai na ɗauka. Ita ƙwaryarta take shafawa, tata ce, ba ta da wanda za ta tambaya. Ni kuwa na shafa wa ƙwaryar gari, na zaci son da nake yi mata ya isa izini. Sannan da ta lalace, na yi abin da na taɓa tsayawa ina kare Jebu a kansa.

Gobe kwamiti zai zauna, kuma dattijon gidan da ya ba da gafakar zai zo da kansa. Ban sani ba ko zai tafi da ita, ban sani ba ko zan koma aiki. Ƙanwar mahaifiyata ta ce in jefar da gwangwanin nan in ce ban san abin da ya jawo ɓerayen ba. Na saka shi a jakata. Zan ajiye shi a kan teburinsu, a buɗe.