Likkafanin Inna ya tafi Iraƙi

Ƙanina direban babbar mota ne. Bayan sojojin Amurka sun shiga Iraƙi, wani kamfani ya riƙa ɗibar direbobi masu kai wa sojojin ruwa da abinci. Shi kuma ya gaji da zaman jiran aiki a Madina, ya ce zai je. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, ya yi dariya ya ce ni dama kome sai na tayar da jijiyar wuya. Bai cika shekara ba aka bugo mana waya cewa an tare ayarinsu a hanya. An ga motarsa a ƙone, shi ba a gan shi ba.

Mutumin kamfanin ya ce mini muddin sansanin sojojin yana yankin, ana nan ana nema, ranar da suka tashi kuwa neman ya ƙare. Na gaya wa Inna yadda ya faɗa, ta riƙe maganar gam.

A nan Madina in an yi rasuwa, ana jera kujeru a bakin titi, a rataya fitilu, a yi kwana uku ana karɓar gaisuwa tsakanin magariba da isha. Maƙwabtanmu na unguwar Ranuna suka fara tambaya a kaikaice yaushe za mu jera namu. Limamin unguwa ya aiko cewa ana iya yi masa sallar ga'ib, wadda ake yi wa mamacin da ba a da gawarsa. Inna ta ce ba wanda zai kawo mata kujera ƙofar gida tun da ana nema.

Lokacin nan ba a da wata hira sai ta sojojin. Wasu su ce su fita yau, wasu su ce in sun fita ƙasar za ta cinye kanta. A da Inna ce kan gaba wajen tsine musu, ko labarai ba ta bari a gama. Yanzu ta yi tsit. Wata rana a gidan suna wata dattijuwa ta yi addu'a Allah ya fitar da su, mata duka suka shafa, na ga hannun Inna a kan cinyarta bai motsa ba. Ni dai ban ji kome a raina ba. Ba na so su zauna, ba na so su tafi. Ina dafa abinci, ina wanki, ina barci kamar wadda aka yi wa allura.

Sana'armu a Bi'ir Ali take, inda alhazai ke ɗaura harami kafin su wuce Makka. Muna shimfiɗa tawul ɗin harami da silifas da sabulu marar ƙamshi a gefen da motoci ke tsayawa. A ƙasan jakar Inna kuwa akwai likkafaninta, wanda ta jiƙa da zamzam ta shanya da hannunta. Tun da hawan jini ya kama ta ba ta rabuwa da shi. Iyayenta sun taho da ita daga ƙasar Hausa tana 'yar ƙarama, kuma burinta ɗaya, a naɗe ta cikin wannan yadin a kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Duk motar da ta ji an ce ta 'yan Iraƙi ce, sai ta bar mini kaya ta je tana nuna hoton ɗanta. Su duba, su girgiza kai, su shige. Abin yana ba ni haushi, amma na daina magana.

Ranar nan wata tsohuwa mai baƙar abaya ta sauko daga motar 'yan Iraƙi da kumburarrun ƙafafu, Inna ta ba ta kujerarta da ruwa. Larabcinsu yana yi wa Inna nauyi, don haka ni nake fassara. Matar ta ce an harbe ɗanta a wani shingen hanya, ta zo ne ta roƙi Allah ya kwashe sojojin daga ƙasarta.

Inna ta ce, “Ni kuwa roƙona su zauna.”

Na yi kamar ban ji ba. Ta dube ni ta ce, “Faɗa mata.”

Na faɗa, na kuma gaya mata dalili. Na ɗauka za ta zage mu. Sai ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo. Ta ce ba ta san shi ba. Amma a garinsu akwai wani gefe na maƙabarta da aka ware wa gawarwakin da ake tsinta a hanya ba mai su, har da baƙaƙen fata irinmu. Mazan garin ne ke wanke su su yi musu salla, wani lokaci ma yadi ke yankewa sai a haɗa da zanen gado. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya zo nema ba.

Na fassara duka, ban rage kome ba. Inna ba ta yi kuka ba. Direban motarsu ya fara danna ham, matar ta yunƙura za ta tashi. Inna ta zazzage jakarta, ta ciro likkafanin ta ɗora mata a hannu.

Ta ce, “Ki ce mata na zamzam ne. Duk wanda suka tsinta, su sa shi a ciki.”

Matar ta sumbaci kan Inna, ta cusa yadin cikin abayarta ta hau mota. Muka ci gaba da ciniki har la'asar, na ma sayar da silifas da yawa ranar. A cikin tasi muna komawa Inna ta ce in kira mai kujeru.

Muka yi kwana uku a bakin titi ƙarƙashin fitilu, mutane suna wucewa suna mana gaisuwa ana zuba gahawa. A layin baya ina jin maza suna ta gardamar ko sojojin su tafi ko su zauna. Sun ƙara shekaru kafin su tafi, ban ma san ranar ba.

Inna ta samu Baƙi'arta. Na tambaye ta sau biyu ko in sayo wani yadin mu jiƙa, ta ce in bari. Da ta rasu, cikin likkafanin da gidan wankan gawa ke ba kowa muka naɗe ta.